Hoton Usta Gaber a Bakin Shagonsa

Akwai wani mutum mai suna Dokta Medhat da aka turo mana nan Dumyat daga Alƙahira, ya koya wa malaman sakandare yadda za su koyar da inshora. Ilimin yana da amfani, garin kafintoci ne, gobara ba ta yi mana sallama. Amma shi mutumin, Allah ya sawwaƙe.

Darasinsa kaf a kan hoto guda yake. Wani dattijo ne zaune a ƙasa yana kuka, shagonsa na ci da wuta a bayansa. Sai Dokta ya haska shi a bango, ya ce ga wanda ya ce Allah zai tsare, ya kuma yi dariya har da riƙe ciki. Da wannan hoton yake so malamai su tsorata ɗalibai.

Malama Nagat mai koyar da lissafi tana gani ta gane mutumin. Usta Gaber ne, wani babban kafinta, kuma 'yarsa Rehab tana ajinta, ajin da za a yi gwajin darasin. Bayan gobarar da ƙyar ta lallashi yarinyar ta dawo makaranta.

Malama Nagat ta sami Dokta wajen shan shayi, ta roƙe shi ya sake hoto.

"Ke Malama, ki tsaya a lissafinki," in ji shi. "Gara ma 'yar ta gani, ta koma gida ta wayar wa tsohon kai."

Ta ce ita kam ba za ta nuna ba. Ya ce babu damuwa, shi zai tsaya gaban ajin da kansa. Ta je wurin shugabar makaranta, aka ce mata baƙon ma'aikatar ilimi ne, a yi haƙuri.

Ranar gwaji ya haska hoton, ya yi dariyar nan tasa. Babu wadda ta taya shi. Kusan duk yarinyar da ke ajin 'yar kafinta ce, kuma sun san fuskar.

Rehab ta miƙe a hankali.

"Babana ne. Ba katako yake wa kuka ba, Dokta. Yayana na cikin shagon."

Ta ɗauki jakarta ta fita. 'Yan ajin suka bi ta, malamai ma suka bi bayansu, aka bar shi da hotonsa.

Kafin mako ya ƙare aka janye shi daga aikin, ya koma da kunya. Ni dai korar ba ta wanke mini takaici ba. Malama Nagat ta yi ta sintiri gidan Usta Gaber, amma Rehab ba ta sake taka makarantar ba.

Darasi: Masifar wani ba kayan koyarwa ba ce. Ilimin da babu tausayi a cikinsa ɓarna yake yi. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tsayawa gaban aji.