Barkono a Turmin Hansai

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da ba a san injin niƙa ba, sunanta Hansai. Kada ku tambaye ni sunan garin, ni ma da aka ba ni labarin ban tambaya ba. Ku matso kusa, ku saurara, don muryar nan ta gaji, tun safe nake kan ƙafafuna. Ke mai shuɗin hijabi, kife wayar nan a cinya, ba inda za ta.

Hansai dakau take yi. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa duk sun riga ta, sai ita da taɓarya. Gida gida take bi tana daka wa mutane gero da dawa, a sallame ta da ɗan tsaki ko dusa. Tafin hannunta ya yi kanta, har garwashi takan ɗauka da yatsu ta kai murhu ba ta ji ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, in Sallah ta zo, kun san yadda ake yi. Wannan gida ya aika da tuwo, wancan ya aika da waina, kwanuka suna ta giftawa a lungu. Hansai ba ta da abin zubawa a kwano. Abu ɗaya ta gada wurin uwarta, haɗa dilka, wannan da ake murje jiki da ita fata ta yi laushi. Ba irin ta yanzu da ake saye a roba ba. Shekara guda take tara kayanta: ɓawon lemun tsami ta shanya, kurkum kaɗan, kajiji, kanumfari in ta samu, man kaɗanya a ɗan kasko. Ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da gari, ta shafe cikin tukunya da kwaɓin, ta kifa tukunyar a kan hayaƙin itace mai ƙamshi. Ya sha hayaƙi ta kankare, ta cuɗa, ta sake shafawa, ta sake kifawa. Haka za ta yi ta yi cikin goman ƙarshe na azumi, bayan ta dawo daga dakan mutane, ƙugu na ciwo, ido na hawayen hayaƙi. Ranar jajibiri ta zuba a 'yan ƙoƙuna ta rarraba. Ba ta sayarwa. Ba ta ma rage wa kanta, ƙafarta duk faso. In an ce, “Hansai, ke fa?” sai ta ce, “Ni wa zai kalle ni?”

Duk garin, in an ce dilkar Hansai, an gama magana. Ba ta da gona, ba ta da akuya, ba ta da ɗa. Wannan sunan shi ne abin da ta mallaka a duniya.

Tana da ɗan turmi da ba a daka komai a cikinsa sai kayan dilka. Uwarta kuma ta bar mata doka: kafin ƙoƙo ya fita daga gida, ki shafa kaɗan a cikin damtsenki, inda fata ke da taushi, ki jira ki ji. To, wata shekara Hansai ta gaji. Gajiya irin wadda mutum zai zauna ya rasa yadda zai miƙe. Ga mura ta toshe mata hanci. Ta dubi dilkar, ta yi kyau, ta yi duhu yadda ake so, ta ce a ranta, shekara nawa ina wannan abu, me zan gwada? Da hantsi ta gama rabo, wasu ta kai da kanta, wasu ta ba masu wucewa.

Sai da ta zo alwalar azahar. Ta ɗebi ruwa da hannun nan da ya wuni cikin dilka, ta kai fuska. Jama'a, sai ta ji kamar an watsa mata wuta a ido. Ta wanke, ta sake wankewa, raɗaɗi sai ƙaruwa yake. Ta lallaɓa ta jawo ɗan turmin, ta kankari gindinsa da farce, ta ga ja.

Maƙwabciyarta Tabawa ta ji salatinta ta leƙo ta katanga. Da ta ga turmi a hannun Hansai, sai ta gane abin da ya faru. Ta zagayo, ta durƙusa.

“Yaya, ni ce. Ranar da kika tafi daka gidan liman na ɗauka. Yajin jegon 'yata na daka, namu turmin ya tsage. Wallahi na wanke shi, har sau biyu na wanke.”

Hansai ta ce, “Tabawa, itace ne. Itace yana sha.”

“Ki rufa mini asiri, Yaya. Kin san tsakanina da gidan mahauta ba ma ga maciji. In suka ji ni ce, cewa za su yi da gangan na yi. Maigidana kuwa in ya ji, yau ba zan kwana a ɗakina ba.”

Hansai ta ajiye turmin. Ta dubi rana. Ta san matan garin, ba mai taɓa dilka sai an sha ruwa, an gama kitso da lalle, sannan a shiga wanka. Daga nan zuwa magariba, abin da take da shi ke nan. Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Tana iya yin shiru. Hancinta a toshe, hannunta ba ya ji, wa zai ce ta sani? Gobe in an yi kuka ta ce ita ma mamaki take, ƙila kurkum ɗin bana ne. Tana kuma iya kama hannun Tabawa ta zaga da ita gari, ta ce ga mai laifi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki kwando ta ɗora a ka, da azumi a bakinta, ido jawur, ta fita.

Gida na farko aka yi dariya aka miƙo mata. Na biyu aka ce, “Ayya, sannu.” Na uku matar ta ce ta riga ta aika wa ƙanwarta a wata unguwa, sai da Hansai ta bi ta can. Kowane zaure ta shiga, magana ɗaya take maimaitawa, kuma kowace maimaitawa tana cire mata wani abu: “Ku ba ni dilkar nan, akwai barkono a ciki, kada kowa ya shafa.” Ta faɗa, ta faɗa, har leɓenta ya bushe ya tsage. Kafin la'asar labari ya riga ta isa gidaje, tana sallama ana ƙunshe dariya.

A gidan mahauta ne ta makara. Asabe, matar gidan, ba ta jira dare ba, ta murje wa 'yarta wuya da hannuwa, yarinya tana ta birgima a tsakar gida, fata ta yi ja ta tashi. Asabe ta fito har ƙofar gida, ba ko mayafi.

“Ga ta nan! Tsohuwar banza, me muka yi miki? Kin rasa naki, shi ne za ki ƙone na mutane?”

Wannan magana, ku da kuka haifa kuka binne, kun san inda take sauka. Mutane suka taru. Tabawa ma tana cikinsu, ta biyo baya, ta tsaya jikin bango tana cizon gefen zane.

Asabe ta ce, “Faɗa mana, wa ya sa ki? Wa ya zuba barkonon?”

Hansai ta ce, “Turmina ne, hannuna ne. Uwata ta ce in riƙa gwadawa a jikina kafin in bayar, bana ban gwada ba. Ki shafa mata man shanu ko madara, kada ki sa ruwa. Ki yafe mini.”

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona kowa ba. Asabe ta jefo ƙoƙon, ya fashe a gabanta. Hansai ta sunkuya ta kwashe har da ƙasar, don kada yara su taka, ta zuba a kwando ta wuce.

Saura ƙoƙo ɗaya. Na Iya Yalwa ne, wata tsohuwa ƙawar uwarta Delu, can bayan ganuwa, ƙetaren rafi. Tun da ta faɗi ta karye a ƙugu ba ta ƙara tashi ba. Ɗanta ya tafi fatauci bai dawo ba, maƙwabta ne ke tura mata kunu. Duk shekara Hansai na aika mata ta hannun mata masu itace, amma ita kanta ta daɗe rabonta da gidan. Nisa, ga aiki, ga gajiya. Kun san irin uzurin, namu ne.

Ta zauna a bakin rafi, ƙafafu sun kumbura, rana ta yi ja. Zuciya ta ce mata, ya isa haka. Suna dai ya riga ya zube, me ya rage ki tsare? Gobe kya aika. Sai ta tuna fatar tsoho, yadda take kamar takardar da ta sha ruwa. In barkono ya yi wa yarinya mai jini a jika haka, ya zai yi wa Iya Yalwa? Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ba da ƙarfi ta ƙetare rafin nan ba, jan ƙafa ta yi.

Ana kiran magariba ta yi sallama. Ɗakin duhu, da wani wari da ba sai na faɗa muku ba.

“Wa ke nan?”

“Ni ce, Iya. Hansai.”

“Hansai ta Delu? Ikon Allah. 'Yar nan, ashe kina gane hanya.”

“Iya, dilkar da na aiko, kin shafa?”

Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ta ce, “Leƙa ƙarƙashin gado.”

Hansai ta durƙusa ta leƙa. Ƙoƙuna ne a jere, na bana, na bara, na bara waccan, har waɗanda ta manta ta yi. Duk a cike. Sun bushe sun tsattsage, ba wanda aka taɓa.

“Iya, ba kya so ne?”

“Ina so mana. Wa zai shafa mini? Hannun nan ko ƙeyata ba ya kaiwa. In an kawo nakan buɗe in sunsuna, in ce Hansai tana raye, ba ta manta da ni ba. Na bana dai atishawa ya yi ta sa ni.”

Hansai ta zauna daɓas a ƙasa. Zagin Asabe bai sa ta kuka ba, dariyar gari ba ta sa ta kuka ba, wannan ya sa ta. Suka sha ruwa da ragowar kunun tsohuwa, ta yi salla. Sannan ta hura wuta ta ɗora ruwa, ta juya Iya Yalwa a hankali. Bayan duk dauɗa ta kafe, ƙugu ya fara saɓulewa saboda kwanciya. Ta ɗauko tsohuwar dilka ta shekarun baya, wadda ba barkono, ta jiƙa ta da ruwan ɗumi da mai har ta yi laushi, ta murza mata inda fata ke da lafiya, ta wanke inda ya yi rauni. Tsohuwa tana cewa, “Nan, nan, ƙasa kaɗan. Alhamdu lillahi. Rabon da hannun mutum ya taɓa bayan nan har na manta.”

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce sarki ya ji labari ya aiko mata da kyauta, ko Tabawa ta fito ta faɗi gaskiya, gari ya ba ta haƙuri. Ba a yi ko ɗaya ba. Tabawa ta yi shiru har ta mutu. Sunan da aka laƙa mata, Hansai Mai Yaji, da shi aka kai ta kabari. Da Sallah ta zagayo, rabin gidajen da take kai wa suka ce sun gode, a bar shi. Ta ci gaba da dakau, ta ci gaba da gajiya. Dilkar da aka ƙi karɓa kuwa, duk Juma'a sai ta ƙulla kaɗan a gefen zane ta ƙetare rafi.

Da Iya Yalwa ta cika, matan da suka zo wanka sun zo da shirin abin da aka saba gani a jikin wanda ya yi shekara da shekaru a kwance. Suka juya ta. Babbar cikinsu ta shafa bayan, ta sake shafawa, ta ce, “Wa ke jinyar baiwar Allah nan? Ko gyambo ɗaya babu. Fatarta kamar ta jariri.” Hansai tana bakin ƙofa tana miƙo ruwa.

To, 'yan uwana, ga abin da nake so ku tafi da shi. In kin yi kuskuren da zai cuci wani, ki tashi da ƙafarki ki gyara tun rana ba ta faɗi ba, ko da sunanki zai zube a hanya. Suna na mutane ne, yau su ba ki gobe su karɓe. Fatar ɗan'uwanki amana ce, ita za a tambaye ki. Kuma da Hansai ta zauna tsaron sunanta, da har abada ba ta leƙa ƙarƙashin gadon nan ba.

Mu kuma fa? Mun iya aike. Sallah ta zo, a ƙulla sabulu da man shafawa da turare a leda mai kyalli, a ba ɗan acaɓa ya kai wa tsohuwa, a buga waya a ce, “Ya iso?” Ya iso. Wa ya shafa mata? Wasunku ba ma rafi tsakaninku da tsohuwar, labule ne kawai, tana ɗakin baya. Na gaji da faɗa, wallahi na gaji, amma zan sake faɗa: yau in kun koma, kafin ku cire hijabi, ku shiga ku leƙa ƙarƙashin gadonta, ku ga abin da kuka yi ta aikawa. Sannan ku ɗora ruwa.

Allah Ya sa in mun kwanta mu samu hannun da zai juya mu. Ku ce amin. Wata ta zo ta kama ni in tashi, gwiwar nan ta riƙe.