Gaisuwar Da Ta Karya Ƙafa

Akwai wani mutum a wani gari, mai horar da samari ƙwallon ƙafa. Ƙungiyarsa ta saba da nasara, har mutanen garin suka daina tambayar yadda ake samunta. Mutumin nan kuwa yana da wata kalma da ya koya wa 'yan wasansa. In ya ga wani daga cikin abokan karawa ya fi ƙarfinsu, sai ya tsaya a bakin fili ya ɗaga murya ya ce, "A gaishe shi!" Abin nufi, a sa masa takalmi a ƙafa don ya ji tsoro ya ja baya. Ba wanda bai san haka ba a garin, har masu sayar da rake a bayan raga.

Wata rana suka kara da wata ƙaramar ƙungiya wadda wani tsoho yake horarwa. A cikinta akwai saurayi mai suna Irmiya. Kafinta ne, da hawa rufin gidaje yake ciyar da kansa da mahaifiyarsa. Ran nan Irmiya ya hana su sakat, duk inda suka tare sai ya zille. Sai mai horarwan nan ya kira mai tsaron bayansa ya ce, "Kai Dogo, haka aka koya maka? Baƙo ya zo gidanku ba gaisuwa? Gaishe shi mana!"

Ƙwallo ta riga ta bar ƙafar Irmiya sa'ad da Dogo ya iso da ƙafa biyu. An ji ƙarar ƙashi har inda 'yan kallo suke.

Alƙalin wasa ya ciro katin gargaɗi ya ɗaga, shi ke nan. Tsohon nan kuwa ya ƙetare farin layi da gudu, ya durƙusa a kan yaronsa, sa'an nan ya dubi alƙali ya ce, "Kai makaho ne ko kurma? Ba ka ji abin da aka ce ba?" Ya goya Irmiya a bayansa ya fita da shi.

To, garin yana da dattawa waɗanda aka ɗora a kan sha'anin wasa. Suka zauna, suka kira mai horarwan. Shugabansu ya tambaye shi, "Me ka ce wa yaronka?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa na yi ya gai da baƙo. Tun yaushe gaisuwa ta zama laifi? Ko ku da na shigo yanzu ai na gaishe ku."

Dattawa suka yi dariya. Dukansu sun san ma'anar kalmar, gama 'ya'yan waɗansunsu suna wasa a ƙarƙashinsa. Amma wasan ƙarshe yana tafe, ƙungiyarsa ce kuma take cika fili. Sai suka ce ba su sami laifi a bakinsa ba. Dogo kuwa suka ce tsautsayi ne, ya huta wasa ɗaya. Da suka juyo kan tsohon, sai fuskokinsu suka canja. Suka ce ya ƙetare layi, ya kuma ci mutuncin alƙali a gaban jama'a, doka kuwa ba ta san tsufa ba. Suka hana shi taka fili har gasar ta ƙare.

Bayan haka dattawan suka sayi lemo, suka tafi gidan Irmiya. Suka tarar da mahaifiyarsa a tsakar gida tana wanke tsummokin ɗauri. Shugaba ya ce, "Mama, mun zo gaishe da Irmiya ne."

Ba ta tashi ba. Ta ce, "A wace ƙafar? Guda ce ta rage masa."

Ba wanda ya yi dariya. Daga cikin ɗaki Irmiya ya ce, "Mama, bar su su shigo." Da suka shiga, sai ga tsohon da suka dakatar zaune a ƙasa, ya tallafe ƙafar kamar yadda mai ɗori ya umarta. Irmiya ya dubi shugaban dattawan ya ce, "Baba, me kuka ce ya same ni?"

Shugaba ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsautsayi, ɗana."

Irmiya ya ce, "Ashe tsautsayi yana da murya. Ni dai na ji shi da kunnena kafin ya iso."

Dattawan suka juya. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, lemon yana hannunsu, sun manta su ajiye. Ƙafar ta warke a karkace, Irmiya bai ƙara hawa rufi ba.

Ga ma'anar misalin nan, ku saurara da kyau. Mai horarwan shi ne duk wanda yake sa wa mugunta kyakkyawan suna don ya aiki wani ya yi ta. Hannunsa bai taɓa kowa ba, amma Ubangiji ba ya auna kalma da daɗinta, da abin da aka aike ta yi yake auna ta. Dogo shi ne mai yin biyayya inda ya kamata ya ƙi. Yana da nasa alhaki, sai dai ba shi ne babba ba.

Dattawan kuwa, 'yan'uwa, mu ne, abin kunyar ke nan. Mu ne muke zama a kwamiti, na gasar matasa ko na makaranta ko na ikkilisiya, mu ji magana mu gane ta sarai, sa'an nan mu yi kamar yau muka fara jin Hausa. Muna da zafi a kan farin layi, muna da sanyi a kan ƙashin mutum. Wanda ya ɗaga murya don an zalunci wani, shi muke hukuntawa, domin laifinsa yana da sauƙin nunawa, ba shi kuma da masu goyon baya. Wanda ya yi ɓarnar da murmushi sai mu raka shi har ƙofa.

Kada wani ya ce mini ai wasa ne. Ƙafar da ake wasa da ita, da ita ake neman abinci. Kada kuma a ce a bar wa Allah. Allah ne ya ba ku kujerar, don kada a bar masa abin da ya riga ya sa a hannunku.

Jin kunya kaɗai ba tuba ba ne. Dattawan nan sun ji kunya, amma hukuncinsu yana nan yadda suka yanke shi. Tuba ita ce a koma a sake zama, a mayar wa tsohon da filinsa, a cire mai ba da umarnin, a ɗauki nauyin gidan da aka karya. Duk wanda yake da kujera a irin wannan zama, kafin ya buɗe baki ya rera waƙa ranar Lahadi, bari ya fara zuwa gaban wanda aka cuta ya ce, "Mun ji, mun gane, ƙarya muka yi."