Ranar da Bayan Uwaisu Ya Yi Sauƙi

A Nasarawan Doya akwai wani mai dafa mazarƙwaila, Uwaisu. Gwani ne, wannan ba musu, amma gajen haƙuri gare shi, ko shayi ba ya bari ya huce. Ciwon baya ya daɗe yana cin sa. Ya sha allura, ya sha jiƙo, an yi masa ƙaho, duk a banza. Ga lokacin matsar rake ya matso, yayansa Salman kuma ya ce in ba zai iya tsayuwa a bakin kasko ba, bana wani za a saka.

A wani asibiti a Makarfi ya gamu da Bernice, mai koyar da motsa jiki. Ta ce, "Malam Uwaisu, ba allura zan yi maka ba. Kullum ka ɗan taka, ka ɗan taɓa aiki, ka tsaya tun ciwon bai tashi ba. Ranar da ya matsa maka, kada ka wuni kwance. Ranar da ka ji garau kuwa, kada ka ƙara a kan abin da muka tsara."

Ya bi tsarin, yana ƙunƙuni, yana leƙen gonakin rake safe da yamma. Cikin ikon Allah sauƙi ya fara samuwa.

Wata safiya ya tashi wasai, sai ya jiyo ƙarar injin matsa. Ya kasa zama. Matarsa Uwaliya ta ce, "Malam, ka tuna abin da aka gaya maka fa."

"Ke dai bari, na warke. Ita Bernice ta fi ni sanin jikina ne?"

Ya sari rake, ya ɗauki dami, ya juya kasko har la'asar, yana yi wa samari dariyar ragwanci.

Washegari a zaune ya yi sallar asuba. Tsoro ya kama shi, ya kwanta ya ƙi motsi sam, sai bayansa ya ƙara sanƙarewa. Salman ya zo dubiya, ya ce, "Sannu. Raken nan yana bushewa, na saka wani."

Abin tausayi, daga ɗaki Uwaisu yake jiyo ƙamshin dahuwar. Ya gane an bar ta ta wuce wuta, ya yunƙura zai tashi, ya kasa.

Darasin da ke nan shi ne, ciwon da ya daɗe a hankali yake sakin mutum. Samun sauƙi ba warkewa ba ne. Wanda aka ɗora wa tsari ya riƙe shi ranar wuya, ya ƙara riƙe shi ranar da ya ji daɗin jikinsa.