Ranar da aka bar Malam Nomau a kasuwar Anyama

Akwai wani dattijo mai sayar da goro a kasuwar Adjamé, ana ce masa Malam Nomau. Basakkwace ne, amma ya haura shekara arba'in a Abidjan. Da ƙuruciyarsa, kafin ya samu rumfar kansa, da keke yake zagaya ƙauyukan Anyama yana sayo goro a gonaki. Babu tudu ko kwari a wannan yanki da bai sani ba.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya tashi kafaɗunsa, sai dai hannun bai koma daidai ba, ƙafar ma yana ɗan janta. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, amma sannu a hankali, kada ya kuskura ya takura wa zuciyarsa. Sai ya fito da tsohon baƙin kekensa, aka sauya masa taya da birki.

A haka ya haɗu da wata ƙungiyar matasa masu yawon keke. Yawancinsu 'ya'yan Hausawa ne haifaffun Treichville. Kowace Lahadi da sassafe sukan haɗu a Indénié, su ɗaure kekuna a saman gbaka, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Anyama. Daga nan su bi hanyoyin jar ƙasa ta cikin gonakin roba da koko, a hau tudu a gangara, da azahar su dawo kasuwar Anyama su ci aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi.

Shugabansu Usama ne, ma'aikacin ofis ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shi ke tsara hanya a wayarsa. Ba mutumin banza ba ne, yana rusunawa ya gaishe da manya. Abu ɗaya ne ba ya iyawa, wato jira.

Malam Nomau kuwa kullum shi ne na ƙarshe. Duk tudun da aka zo sai ya sauka ya tura. Idan ya iso sama yana haki, sai ya tarar da su a tsaye kowa na duban agogo. Yana gani, yana kuma jin nauyinsu. Amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da kukan tsuntsayen gonaki su ne suka sa ya fara jin shi mutum ne kamar dā.

Wata Lahadi cikin damina suka shirya doguwar tafiya ta wajen Azaguié. Suna sauke kekuna a Anyama, Usama ya matso kusa da Malam Nomau, wanda suke kira Tonto, wato kawu.

"Tonto, hanyar yau ba ta wasa ba ce. Ka zauna nan wurin abokanka 'yan goro, mu je mu dawo. Gaskiya mun gaji da tsayuwa."

Wani daga cikinsu ya faɗi wata magana da Faransanci game da tsufan keken, aka yi dariya. Malam Nomau ya ji sarai.

Ya san hanyar da za su bi. Ya san akwai wani dogon gangare bayan gonar roba, kuma duk damina ruwa yakan yanke hanyar daga ƙasa, ya bar rami daidai inda kwana take ɓoye shi. Daren jiya kuma an kwana ana ruwa. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai zuciya ta hana shi. Ya ce a ransa, ai suna da waya, ta faɗa musu. Abin da ya furta kawai shi ne, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Ya zauna a bencin wani tsohon abokinsa. Aka kawo masa shayi, ya kasa sha. Ramin nan ya tsaya masa a rai. Ya tuna shi ma yana da ɗa sa'an Usama. Kafin shayin ya huce ya miƙe, ya hau kekensa ya bi bayansu.

Ya fi awa guda yana hawa yana sauka kafin ya kai gangaren. Ya riƙe birki ya sauko a hankali. Yana karya kwanar ya hango keke mai tsada a kife, tayar gaba ta lanƙwashe. A cikin ramin kuma Usama ne kwance, shi kaɗai.

Ashe tayarsa ce ta yi faci tun a sama. Ya ce wa sauran su wuce zai kamo su. Su da suka zo a hankali suka ga ramin suka raɓa ta gefe. Shi da ya taho a guje don ya cim musu, bai ga ramin ba sai da ya faɗa. Ƙafarsa ta dama ta karye, ƙarfe ya yanke shi a cinya, jini na zuba. Wayarsa ta tarwatse. Ya yi kira har muryarsa ta dishe.

Da ya ga wanda ya tsaya a kansa, sai ya rufe fuska da hannu.

"Yako, ɗana," in ji Malam Nomau, yadda mutanen ƙasar ke yi wa wanda ya ji ciwo sannu. "Kada ka motsa."

Ya cire rigarsa ta sama, ya yage ta da haƙori. Da hannu ɗaya da baki ya ɗaure cinyar tamau har jinin ya ragu. Ya duba 'yar ƙaramar wayarsa, a kwarin nan ba ta kamawa. Ya gwada ɗaga Usama, hannun hagu ya ƙi.

Ya san akwai wani zangon manoma a kan tudun da ke gaba, ta wata siririyar hanya da ya sha bi yana saurayi. Idan ya tura keke yana jan ƙafa, zai kai rabin awa. Idan ya hau, minti goma. Ya tuna gargaɗin likita. Ya dubi leɓen Usama da ya fara fari. Sai ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa a feda.

Tun a tsakiyar tudun ƙirjinsa ya fara bugawa kamar ana daka. Idonsa ya riƙa ganin duhu-duhu. Ƙafar hagu ta zame sau biyu, ya mayar da ita. Bai sauka ba har ya shiga zangon.

Wata tsohuwa ya tarar tana shanya koko. Da ƙyar ya haɗa mata magana da Julanci. Ta ƙwala wa ɗanta kira, ya fito da babur mai ƙafa uku da yake ɗaukar roba. Suka gangara da maza biyu, suka shimfiɗa Usama a kan buhuna, suka nufi asibiti a Anyama.

Likitoci suka ce da an ƙara jinkiri, da jinin ya ƙare. Amma shi ma Malam Nomau a nan aka ba shi gado, don jininsa ya hau sosai. Kwanansa uku. Matarsa Tsahara ta zo ta yi jinyarsa, ba ta yi masa faɗa ko sau ɗaya ba. Ranar da aka sallame shi ya tarar ta sa wa keken sarƙa da kwaɗo a tsakar gida, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanenta.

Bayan wata biyu, yana zaune a rumfa yana yayyafa wa goro ruwa, sai ga Usama yana dogara sanduna. Ya ƙi zama a kujera, ya lallaɓa ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana neman gafara.

Malam Nomau ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ni ma ka yafe mini. Na san da ramin nan tun muna kasuwa. Haushinka ne ya rufe mini baki. Da na yi magana, da ƙafarka lafiya lau."

Usama bai taɓa zaton haka ba. Ya ce ko da an faɗa masa a ranar, ba lalle ya saurara ba. Ya roƙi dattijon ya faɗi duk abin da yake so ya yi masa.

Malam Nomau ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ka je gida ka roƙar mini Tsahara ta sake mini kekena. Na aika limami, na aika ƙanenta, duk ta ƙi."

Washegari Usama ya shiga woro-woro, wato tasin haya, har gidan Malam Nomau a Williamsville. Ya durƙusa iya yadda ƙafar ta bari, ya yi bayani. Tsahara ta saurare shi tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Da ya gama ta ce:

"Zan ba da makulli ranar da ka ajiye sandunan nan. Kuma a hannunka zan sa shi, ba a nasa ba. Inda ya sauka ka sauka, inda ya tura ka tura. Ka fita da shi, ka dawo mini da shi."

"Na ɗauka, Inna," in ji Usama.

Yanzu idan ka bi hanyoyin bayan Anyama ranar Lahadi, za ka ga ayarin kekuna ya wuce. Can baya kuma za ka ga mutum biyu, tsoho da matashi, kowa na ɗan ɗingishi, suna tura kekunansu a kan tudu suna hira.

Darasi: Kada ka raina wanda ke tafiya a bayanka, domin ranar da ka faɗi, na baya ne zai tsince ka. Kuma idan an ɓata maka rai, kada haushi ya sa ka haɗiye maganar da za ta ceci wani. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu gaggawar cikinmu.