Hannun da Lalle Ba Ya Kamawa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane na jin muryar aljanu kamar yadda ake jin ta maƙwabci, an yi wani sarki a Birnin Ƙirgau ana ce masa Sarki Bagudu, mai dukiya da mayaƙa, wanda sarakunan kewaye ke shakkarsa. Abu ɗaya ke cin zuciyar wannan sarki: tsoron kada a ce ya gaza ubansa zafi. Saboda haka duk abin da ya faru a garin, ƙarami ko babba, sai ya murtuke ya ce, "A mai da shi laifi!"

A ƙofar fada akwai wata rijiyar rini ta sihiri, wadda Aljana Dunhuwa ta ba kakansa. Idan aka tsoma hannun wanda ya karya doka, sai ya fito baƙi-ƙirin da shuni, ba ya wankuwa har kabari, in kuwa bai karya ba sai ya fito fes. Mai shuɗin hannu ba a karɓar shaidarsa, ba ya riƙe sarauta. Mace kuwa lalle ba ya kama hannunta, kuma a Ƙirgau ba a ɗaura auren amaryar da hannunta bai yi ja ba. A zamanin kakan, laifi uku kawai ke kai mutum rijiyar: kisa, da fashi, da zaluntar marar ƙarfi. Sai a yi shekara biyar ba a buɗe ta ba.

Bagudu kuwa, tir! Yarinya ta zame a bakin rafi, ya hana ɗiban ruwa kafin hantsi. Jaki ya yi kuka yana barcin rana, ya mai da kukan dabba laifin mai ita. Atishawa a gaban fada laifi ne, daka bayan la'asar laifi ne, faɗuwar rawani a bainar jama'a ma laifi ce. Dokokin suka kai dubu huɗu da wani abu, har mai shela ya daina sanin abin da ya shelanta jiya.

Mai tsoma hannayen shi ne Jatau, marinin fada, wanda ya gaji aikin wurin ubansa. Kullum yana tashi zai tarar da layi har bakin kasuwa: tsofaffi, masu goyo, makafin da ko ganin abin da ake zarginsu da shi ba su yi ba. Shi da kansa ya tsoma hannun mahaifiyarsa saboda akuyarta ta yi kuka, tsohuwar ta sauke kai ta tafi gida, ba ta kuma cika wata uku a duniya ba. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi, warin shuni yake ji a kowace loma.

Abin da ya rage masa a duniya shi ne Tasalla, 'yar masaƙa da aka yi masa baiko da ita, saura kwana tara a sa ta lalle. Sai ga dogarai sun taso ƙeyarta wata safiya, wai an kama ta tana daka wa ƙanwarta mai jego gero bayan la'asar. Jatau ya dubi hannunta, ya dubi rijiyar. Ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, rinin ya yi sanyi, sai na samo ganyen baba daga Dutsen Dunhuwa. A ba ni kwana bakwai." Sarki ya yarda, aka kulle Tasalla tana jira.

Kwana uku yana tafiya cikin ƙaya da ƙishirwa, ya ƙetare kogi biyu, har ya isa dutsen da rana tsaka. Ƙasa ta girgiza, dutsen ya tsage, Aljana Dunhuwa ta fito, tsawonta kamar giginya, gashinta na ɗigar shuni. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, ba zan saurare ka ba sai ka ci jarrabawata." Ta ɗaga hannu, sai ga surar mutum uku a tsaye, kowa da shuɗin hannu. "Ɗaya daga cikin waɗannan ya yanka fatake bakwai a hanya. Nuna mini shi."

Jatau ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi ban sani ba. Kuma dukansu ni na tsoma su."

Aljana ta tofar da yawu, inda ya sauka ciyawa ta ƙone. Ta ce, "Ka ci jarrabawa, domin ka faɗi gaskiya. Na tsakiyar shi ne ɗan fashin, yanzu haka yana zaune a kasuwarku yana cin tsire, ba mai gudunsa, don hannunsa iri ɗaya ne da na uwarka. Na ba ku alama domin ku gane mugu, kun shafa wa kowa har ta zama ba ta nuna komai. Kaico da ku! To ka ji: rijiyata ba ta san sarki ba, doka kawai ta sani. Kuma duk dokar da mai yin ta ya janye da bakinsa, shuninta zai bar hannun waɗanda ta kama. Sauran dabara taka ce." Dutsen ya rufe.

Ran kwana na bakwai aka cika ƙofar fada, aka fito da Tasalla. Jatau ya durƙusa ya ce, "Zaki, kafin in tsoma ta, akwai maganar da ta cika gari. Talakawa na cewa rijiyar ta lalace, kowa take kamawa, mai laifi da marar laifi. Babu mai ƙaryata su sai wanda bai taɓa karya doka ba, ni kuwa mutum ɗaya na sani haka a ƙasar nan."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne! Sai Zaki!" Kowannensu kuwa ya cusa hannunsa cikin riga. Sarki ya yi murmushi, ya naɗe hannun riga, ya taka cikin ƙasaita ya tsoma hannunsa na dama.

Ya fito da shi shuɗi har gwiwar hannu. Sai murya ta taso daga cikin rijiyar tana lissafi: dokinsa ya yi haniniya ranar kaza, ya yi atishawa a gaban fada sau ɗari biyu, rawaninsa ya faɗi ranar salla. Wata tsohuwa a bayan taro ta ce, "Ashe kai ma ɗan'uwanmu ne!" Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san mai shuɗin hannu ba ya riƙe sarauta.

Sarki ya ce, "Jatau, mene ne magani?"

Jatau ya ce, "Bakinka, ranka ya daɗe. Abin da ka ɗaura, kai za ka kwance."

Kwana shida Bagudu na tsaye a rana, mai shela na karantowa, shi yana cewa "Na janye." Wasu dokokin da ya ji su sai ya sunkuyar da kai, don shi kansa bai tuna ya yi su ba. Kowace ya janye, sai a ji guɗa ta tashi a wata unguwa, shuni na zuba daga hannaye kamar ruwan wanki. Aka bar ukun nan na kakansa. Abubuwan da ke da haɗari, irin santsin bakin rafi, aka ce a gyara wurin, wanda ya yi ganganci mai unguwa ya ja masa kunne. A rana ta shida mutum goma sha ɗaya kacal suka rage da shuɗin hannu a duk birnin, aka kama ɗan fashin nan a rumfar mai tsire yana ƙoƙarin ɓoye nasa.

Hannun sarki ya wanke, ban da babban yatsa. Ya goge da toka, ya goge da sabulu, ina! Muryar rijiya ta ce, "Wannan na zaluntar marar ƙarfi ne, yana cikin ukun da ba a janyewa." Dattawan gari suka yi shawara, suka bar shi a kan karaga domin yatsa ɗaya ba hannu ba ne, amma suka hana shi rufe shi. Har ya mutu, duk ranar da ya ɗaga hannu zai ce a mai da abu laifi, sai idonsa ya faɗa kan yatsan, ya sauke.

Aka sa Tasalla lalle tare da 'yan mata ɗari uku da suka yi shekaru a gida suna jira saboda shuɗin hannu, aka kwana bakwai ana biki. Da aka kai ta ɗakinta, Jatau ya kama hannun nan ja-wur ya daɗe yana kallo, hawaye na zubo masa. Tasalla ta ce, "Haba, Malam, yau ma kuka?"

Ya ce, "Inna nake tunawa. Ita an binne ta da nata shunin."

Tasalla ta jawo ƙwaryar fura ta dama masa da hannun nan, ya sha, karo na farko cikin shekara biyu bai ji warin shuni ba.