Naɗin Bahago

An yi wani mutum a wani gari na bakin hanyar jirgin ƙasa, tun zamanin da ake yin raket ɗin tanis da katako. Malam Tanimu sunansa, baduku ne. Yana da 'yar rumfa a gindin darbejiya, jikin filin wasan ma'aikata, kuma aikinsa ɗaya ne: naɗa fata a ƙotar raket. Idan gumi ya cinye tsohuwar fata har ta fara santsi, sai a kawo masa. Ya cire 'yar ƙusa, ya kwance tsohuwar har sai katako ya fito, ya kankare, ya shanya, sannan ya naɗa sabuwa. Bai taɓa naɗa sabuwa a kan tsohuwa ba. Yakan ce, "Abin da ka rufe bai tafi ba, yana nan yana jiranka."

To ku saurara, don a nan labarin yake. Naɗin mai hannun dama daban, na bahago daban. Na dama yana hawa ta wannan gefe, na bahago ta wancan. A duk garin kuwa bahago ɗaya ke buga tanis, wani akawun tasha mai suna Zubairu.

Wata ranar Laraba Zubairu ya kawo raket ɗinsa, mai tsada, irin wanda ake kawowa daga ƙetare. Ya ce, "Malam, riƙe mini. Zan je ƙauye gaida tsohuwa, in na dawo ka sake mini fata."

Malam Tanimu ya rataye shi a ƙusa. Zubairu bai dawo ba. Kwalekwale ya kife da su a hanya. Ya bar mata mai suna Kubura da 'ya'ya mata biyu.

Ana gama sadakar bakwai, sai ga Alhaji Mamuda, sakataren filin, wanda ya daɗe yana sha'awar raket ɗin nan. Ya tsaya bakin rumfa yana murmushi.

"Tanimu, sauko da wancan. Kwance naɗin bahagon nan ka yi mini na dama. Wa zai gane?"

"Ranka ya daɗe, kayan marayu ne. Jira nake uwarsu ta fita takaba."

"Takaba? Mace me za ta yi da raket, tuƙa tuwo? Ko sanin yana nan ba ta yi ba."

"Ni na sani, Alhaji."

"To ka san kuma rumfar nan a filin wa take?"

Malam Tanimu yana da iyali, ba shi da gona, ga idonsa ya fara rauni. Amma ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Hannuna dai ba zai yi ba."

Alhaji ya miƙa hannu ya sauke raket ɗin da kansa. Kafin la'asar an cire rumfar. Malam Tanimu ya koma bakin kasuwa yana ɗinkin takalma, wata rana a samu, wata rana a kwana da ruwan zafi.

Alhaji ya kai wa wani mai gyaran sirdin keke raket ɗin. Shi kuwa bai san ƙa'ida ba, sai ya naɗa sabuwar fata a kan tsohuwa, naɗin dama. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau.

Ku saurara, 'yan'uwa. Kwana uku da haka, da rana tsaka, lokacin bazara, ko'ina a bushe, Alhaji ya zaro raket daga jaka, sai ya ji ƙotar da damshi. Ya duba. Ga gurbin yatsu huɗu sun lotsa a sabuwar fata, ga na babban yatsa. Ya ɗora hannunsa na dama, bai zauna ba. Ya ɗora na hagu, sai ya zauna daram, kamar wani ya riƙe masa hannu.

Ya shanya a rana, damshi bai tafi ba. Ya sa aka ƙara wani naɗin a kai, yatsun suka sake fitowa. Idan ya kai bugu, sai ƙotar ta juya a tafinsa, ta nemi hagu. Abokan wasa suka fara tsokana: "Alhaji, yau kai da wa kuke bugawa? Ku biyu ne a gefe ɗaya?" Suna dariya, shi ba ya yi. Ya wanke hannu da sabulu, ya wanke da toka, warin gumin da ba nasa ba yana nan. Har cin abinci ya gagare shi, don da wannan hannun ake ci.

Wasu sun ce gishirin tsohon gumi ne ke jan raɓa. Wasu sun ce ba haka ba ne. Allah ne masani, ni ban ƙara komai ba.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga Alhaji a bakin kasuwa, ya rame, ya naɗo raket a zane don kada ya taɓa shi.

"Malam Tanimu, don Allah cire mini fatar mutumin nan."

Malam Tanimu ya karɓa. Ya kwance naɗi na farko, ya kwance na biyu. Ga fatar Zubairu a ƙasa, baƙa wuluk, jiƙe sharkaf. Ya tsaya.

"Naku na cire, Alhaji. Wannan kuwa ba ni da iko da ita. Masu ita suna nan da rai."

Tare suka tafi ƙofar gidan. Kubura ta miƙo hannu ta bayan labule ta karɓa. Ta shafa ƙotar, ta ce, "Hannun baban yara ne." Ta miƙa wa Malam Tanimu ya gani. Fatar a bushe take ƙayau.

Alhaji da kansa ya sake kafa turakun rumfar Malam Tanimu a gindin darbejiya.

To 'yan'uwa, darasin a fili yake: amana ba ta mutuwa don mai ita ya mutu, kuma zalunci ba ya gogewa don an naɗe shi da sabuwar fata. Kowa a cikinmu yana riƙe da wani abu da ba nasa ba. Sarƙar da ƙawarki ta ba ki ajiya, filin maraya, sirrin maƙwabciya. Ku koma gida ku duba abin da kuka rufe, ku kwance shi da kanku, ku mayar wa masu shi tun kafin ranar da za a rufe baki, hannaye su yi magana. Allah ya ba mu ikon riƙon amana irin na Malam Tanimu.