Koken Da Bai Samu Hatimi Ba

A ajinmu na kwaleji akwai wani ɗalibi da muke kira Sanata. Yana da ƙwaƙwalwa, ba musu, amma son a gan shi ya fi karatunsa yawa. Ko gaisuwa zai yi sai ya gyara murya kamar yana gaban taro.

A shekararmu ta ƙarshe hukumar tantance makarantu ta ce za ta janye amincewa da sashenmu na gwaje-gwajen lafiya, saboda na'urorin ɗakin gwajinmu sun mutu. In ta janye, shaidar karatunmu ta zama takardar banza. Ana cikin haka aka shirya mana tafiya babban birni, mu ga yadda majalisa ke aiki. Ranar kuwa ta zo daidai da zaman kwamitin ilimi, mai karɓar koken makarantun da ke neman gyara. Muka rubuta namu, mu arba'in da uku muka sa hannu. Sanata ya ce shi zai riƙe, muka bar masa don ya fi mu baki.

A ƙofar ɗakin zaman akwai ɗan tebur, da wata dattijuwar magatakarda mai tabarau, gabanta littafi da hatimi.

"Yara, in koke ne ku kawo in buga hatimi in ba shi lamba," in ji ta. "Kwamiti ba ya duba abin da bai shiga littafin nan ba. Ƙarfe goma zan rufe."

Sanata ya dube ta sama da ƙasa. "Mama, awa tara muka yi a mota, ba don teburin ƙofa ba. Hannu da hannu zan ba shugaba."

Malaminmu yana can ƙasa wajen karɓar katunan shiga. Yaya, babbar ajinmu mai 'ya'ya biyu, ta ce, "Ƙanena, ka miƙa mata mana. Me zai rage ka?"

"Ki bar ni, Yaya, na san kan abin."

Ina tsaye a wurin na yi shiru, kuma har yau shirun nan yana ci mini rai.

A ciki minti uku ake ba kowace makaranta. Sanata ya cinye biyu wajen gaida manya ɗaya bayan ɗaya, na ukun ya tafi wajen gabatar da kansa. Yana cewa "matsalarmu ita ce" aka kashe lasifikar. Ya taka ya miƙa wa shugaban kwamiti takardar, ya juyo da fuska don a ɗau hoto. Shugaban ya yi murmushi, ya ɗora ta kan tarin jaridu.

Da malaminmu ya ji abin da ya faru, ya ce mu yi maza mu koma wurin magatakardar. Muka fito da gudu, sai tebur ba kowa. Mai gadi ya ce, "An rufe littafi. Sai zaman baɗi."

Bayan wata biyu sunayen makarantun da za a gyara suka fito, babu tamu. Aka janye amincewa da sashenmu. Mai hali ya koma wata kwalejin ya sake shekara biyu. Yaya ba ta da halin.

Ranar da ta zo kwashe kayanta, Sanata ya same ta tana naɗe farar rigar aikinta. Ya durƙusa, murya ba gyara, ya nemi gafara.

"Na yafe maka, ƙanena," ta ce. "Amma ka zo gida ka yi wa yarana bayani. Shekara uku ina ce musu saura kaɗan."

Darasin a fili yake: girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba mai shi kaɗai yake tsiyatawa ba. Wanda jama'a suka aika ya tuna saƙon ya fi shi muhimmanci, ya bi ƙa'idar wuri ko daga bakin wa ta fito. Mu kuma da muka ga yana kauce hanya muka kame baki, muna da namu kason laifin.